Hanyar garinmu: abin da na gani daga awo har zuwa tafiyar katafila

Tun da aka buɗe hanyarmu, duk inda na haɗu da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da mu, a kasuwa ne ko wurin ɗaurin aure, tambayar ɗaya ce: "Malam, ku wa kuka sani a sama?" Nakan ba su amsa gwargwadon hali, amma zancen ya fi ƙarfin a yi shi a tsaye. Ni malamin firamare ne, kuma littafin ƙungiyar ci gaban garinmu a hannuna yake, shi ya sa da aikin ya zo aka ɗora mini sakataren kwamitin sauraron koke-koke. Kusan duk takardar da ta shiga garin ko ta fita a kan wannan hanya ta bi ta hannuna. Na ga ya dace in rubuta yadda abin ya gudana, domin garuruwa da yawa irin wannan aiki yana tafe gare su, kuma akwai haƙƙin da mutum ba zai nema ba in bai san yana da shi ba.

Tsakaninmu da titin kwalta akwai rafi, akwai kuma wani kwari da ruwa ke kwanciya. Da rani a-kori-kura tana shigowa ranar kasuwa. Da zarar ruwa ya zauna, sai babur da amalanken shanu, in rafi ya kawo kuwa, su ma sai sun jira ya sauka. Dillalin da ya samu ya shigo da damina shi ke yanka farashi yadda ya ga dama, domin ya san ba mu da wata mafita. Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne mai naƙuda: in haihuwa ta gagari unguwarzoma da tsakar dare, a amalanke ake ɗora ta. Dattawanmu suna tuna lokacin da hukumar raya karkara ta DFRRI, wadda gwamnatin Babangida ta kafa a 1986, ta turo gireda ta share hanyar aka zuba mata burji. Sun ce an ji daɗinta na 'yan shekaru, daga baya hukumar ta zama tarihi, ruwa kuma ya ci gaba da zaizaya har hanyar ta koma yadda take. Don haka da aka ce mana ga wani aiki yana zuwa, babu wanda ya yi rawar kai.

Sunan aikin RAAMP, shirin gina hanyoyin karkara da inganta kasuwancin amfanin gona. Bankin Duniya ya amince da shi a watan Fabrairun 2020 da dala miliyan 280, hukumar raya ƙasashe ta Faransa, wato AFD, ta sa kimanin dala miliyan 230, ɓangaren Najeriya kuma dala miliyan 65. Da jihohi 13 aka fara, daga cikinsu akwai Kano, Katsina, Bauchi, Kebbi, Sakkwato, Filato, Kogi da Kwara. Kafin shi an yi RAMP na farko a Kaduna, sannan na biyu ya shiga Adamawa, Neja, Inugu da Osun. Babban ofishin RAAMP yana ƙarƙashin ma'aikatar noma ta tarayya a Abuja, kowace jiha kuma tana da nata ofishin da ke ba da kwangila ya kuma sa ido.

Mutanenmu taimakon Turawa suke ɗaukarsa, amma kuɗin nan rance ne. Mai sauƙin ruwa ne, wa'adinsa kuma dogo, sai dai biya za a yi daga aljihun gwamnati, wato daga rabon yaran da nake koyarwa yau. Tun da na fahimci haka, yadda nake tsayuwa a gaban injiniya ya canza. Wanda aka ba kyauta, godiya ce tasa. Wanda aka ci bashi da sunansa kuwa yana da damar ya tambayi kaurin kankaren da ake zuba masa.

Mun daɗe muna kai kuka, ta hannun kansila, ta hannun hakimi, ta hannun ɗan majalisa. Ba zan ce waɗannan takardu ba su yi amfani ba, domin su suka sa sunan hanyar ya shiga jerin da ƙaramar hukuma ta miƙa. Amma jerin dogo ne, kuɗin kuma ba zai ishi kowa ba, dole a tace. Wata ranar kasuwa muka wayi gari da wasu matasa masu riguna masu ƙyalli zaune a inuwar darbejiya a bakin gari, duk abin da ya gifta sai su ja layi a takarda: babur, keke, amalanke, mota, har mai kaya a ka. Wasu kuma suka shiga cikin gari suna tambaya, mutum nawa ne a nan, me kuke nomawa, ina kuke kaiwa, ina makaranta, ina asibiti. Ɗaya daga cikinsu ya bayyana mini ma'aunin da Bankin Duniya ke amfani da shi a ƙasashe: ana duba yawan mutanen karkara da ke zaune cikin tazarar kilomita 2 daga hanyar da ake iya bi rani da damina. Hanyar da za ta amfani jama'a masu yawa, ta kuma haɗa gonaki da kasuwa, ita ke hawa sama a jerin. Tamu ta ratsa ƙauyuka da rugage, ga fadama, ga kasuwar hatsi da ake lodi zuwa Dawanau. Muka tara musu rajistar makaranta, littafin asibitin sha-ka-tafi da rasiɗan sarkin kasuwa. In akwai abin da na ga ya ɗaga mu, to waɗannan littattafai ne da muke rainawa.

Daga nan sai dogon shiru, har aka fara raɗe-raɗin an karkatar da hanyar zuwa wani gari. Ashe zane ake yi, da nazarin abin da aikin zai taɓa na muhalli da na jama'a, kuma manyan matakai sai an aika wa bankin ya duba ya ce ba shi da ja kafin a wuce gaba. Wannan jira yana gajiyarwa, kuma ina ganin da ana aiko wa gari da bayani lokaci-lokaci, da rabin jita-jitar ba ta taso ba.

Ranar da jami'an suka dawo, dagaci ya sa aka yi shela aka taru a ƙofar gidansa. Wata jami'a a cikinsu ta ce ita da mata za ta zauna daban a gidan mai unguwa. Wasu suka yi gunaguni, liman ya ce babu laifi, aka bar su. Abin da matan suka kawo, mu maza ko kusa bai zo mana a rai ba: cewa rijiyar burtsatse tana tsallaken hanya kuma ƙananan yara ake aika ɗibar ruwa, cewa masu ƙosai da awara a bakin hanyar suke neman abincinsu. A wannan taro aka kafa kwamitinmu, da wakilin dagaci, da na matasa, da na Fulanin ruga, da mata biyu, aka ba ni babban littafi aka ce duk kokan da ya zo, ko da baki aka kawo shi, in rubuta sunan mai shi, ranar da ya zo, abin da ya faɗa da abin da aka yanke. Wanda ya fi ƙarfinmu mu tura ƙaramar hukuma, daga can ofishin jiha, wanda bai gamsu ba kuma ƙofar kotu a buɗe take. A nan ne kuma aka sanar da ranar rufe ƙidaya. Duk abin da yake kan layin hanya kafin wannan rana za a biya diyyarsa, duk abin da aka gina ko aka dasa bayanta, mai shi ya yi asara. Aka maimaita sanarwar a masallacin Juma'a.

Ƙidayar kadarori ita ce zuciyar aikin a wurin talaka, kuma a nan ne na fi son mai karatu ya nutsu. Safiyo ya bi hanyar yana kafa turaku, duk katangar da ta shigo layi a shafa mata jan fenti a rubuta lamba. Masu ƙidaya suka biyo baya da waya da takarda: a auna gona, a ƙirga itatuwa, a duba rumbu da danga da rumfa, a ɗauki hoton mai abin tsaye kusa da kayansa riƙe da lambarsa. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma abin da take biya idan gwamnati ta karɓi wuri shi ne abin da mutum ya aza a kai, gini ko shuka. Ƙa'idar Bankin Duniya ta fi haka faɗi, kuma an gaya mana inda biyun suka saɓa, wadda ta fi amfanar mai abin ake bi. A ƙa'idar bankin, diyya sai ta kai kuɗin da zai sake samar maka da irin abin da ka rasa, ba tare da an rage wai don ya tsufa ba. Sai an biya kafin a rusa. Wanda ba shi da takardar mallaka ma, kamar mai shayi da mai faci da suka kafa rumfa a bakin hanya, ana ba shi abin da zai taimaka masa ya tashi ya sake kafuwa. Wanda yake noma gonar aro, shukar tasa ce ko da ƙasar ta wani ce.

Masu ƙidayar ba 'yan garin ba ne, kuma akwai abubuwan da hoto ba ya nunawa. Bayan an liƙa jerin sunaye a bangon makaranta, wata dattijuwa mai sana'ar daddawa ta same ni a zaure da yamma, jikarta tana riƙe da hannunta. Ta ce, "Malam, an ce kai ke rubutawa. An rubuta gonar, ba a rubuta ɗorawata ba." Na ce, "Inna, ai na ga ɗorawar a jerin." Ta ce, "Da sunan wa?" Na duba, da sunan mai gonar. Abin da ya faru shi ne mahaifinta ya sayar da gonar tun da daɗewa amma ya keɓe itacen, da ya rasu kuma ya faɗo a rabonta na gado. Kowa a garin ya san ita ke kaɗe ɗorawar nan duk shekara, da kalwarta take yin daddawar da take ci da marayun da ke hannunta. Mai ƙidaya ya ga itace a tsakiyar gona, ya tambayi mai gona, ya rubuta. Na shigar da kokenta a littafi, washegari muka zauna gaban dagaci. Mai gonar, Allah ya saka masa, bai yi musu ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ta faɗa, ni ban ma lura an haɗa da itacen ba." Dattawa biyu suka shaida, kowa ya dangwala, muka aika. Da jerin ya dawo, sunanta yana ciki da lambarta daban, kuma lissafin da aka yi mata na amfanin da itacen ke bayarwa ne, ba na itacen girki ba. Bayan nata sai irinsa suka yi ta fitowa: mangwaron da 'yan'uwa suka gada tare, gonar jingina, tsamiyar da ke kan iyaka. Da ba a liƙa jerin a fili ba, da babu wanda zai sani sai ranar biya, ranar da gyara ke wuya.

Akwai kuma waɗanda suka ji ƙamshin kuɗi, suka tashi da dare suka jera bulo a kan layin bayan ranar rufewa. Sun zo wurina a matsayin 'yan'uwa, na ce musu hotunan ranar ƙidaya suna nan da kwanan wata, kuma in muka shigar da ƙarya ɗaya, gaskiyar dattijuwar nan ma za a daina yarda da ita. An yi ɗan fushi da ni, ya wuce. Maƙabarta kuwa ba a yi doguwar magana ba, injiniyoyin da kansu suka karkatar da layin ya kauce mata.

Biyan diyya ta banki ake yi, kuma nan wata wahalar ta ɓullo. Da yawa daga cikin tsofaffi da mata ba su da asusu, ba BVN, ba lambar NIN. Masu su kuma, sunan da ke katin ba shi ne wanda aka rubuta a ƙidaya ba, wani da laƙabinsa aka san shi, wani an rubuta sunan mahaifinsa a gaba. Muka yi ta haya ana kai mutane hedikwatar ƙaramar hukuma rukuni-rukuni. Shawarata ga duk garin da aikin zai je: tun ranar taron farko a fara wannan, kuma kowa ya ba mai ƙidaya sunan da ke katinsa harafi da harafi.

An bayyana mana cewa kuɗin diyya ba daga rancen yake fitowa ba, daga kason da jiha ke zubawa ne, don haka sai jiha ta saki nata. Muna cikin jira aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, a watan Yuni kuma aka saki naira. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, buhun siminti ya wuce naira 10,000 a wurare da dama. Mutumin da aka ƙiyasta wa katanga a tsohon farashi, kuɗin ba zai tayar masa da rabinta ba. Muka rubuta takarda muka kafa hujja da ƙa'idar da su da kansu suka karanta mana, cewa diyya sai ta maye gurbin abin da aka rasa. An sake duba ƙimar gine-ginen. Ba kowa ya gamsu ba, ni ma akwai waɗanda nake ganin an tauye su, musamman masu katangar ƙasa da aka raina aikin da ke cikinta. Amma an ƙara, kuma da a fatar baki muka tsaya da ba a ƙara ba.

Ana haka ɗan kwangila ya sauke kayansa a bayan gari, katafila, gireda, rola, tifofi da tankar ruwa. Wakilinsa ya so a fara share layi daga cikin gari, ya ce kuɗin mutane yana hanya. Dagaci ya dube ni, na buɗe takardar na karanta wurin da aka ce ba a taɓa kayan mutum sai kuɗinsa ya shiga hannunsa. Ba a yi hayaniya ba. Suka koma suka fara daga ɓangaren daji inda babu kayan kowa, cikin gari ya jira har aka biya.

Wani abu da ya ba mutane mamaki shi ne takardar ladabi da aka sa kowane ma'aikaci ya sa wa hannu, daga direban katafila har lebura: ba neman 'yan mata, ba hulɗa da yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, ba ɗaukar yaro aiki. Jami'ar nan da ta zauna da mata ita ta ba mu tushen abin. A Yuganda, wani aikin hanya tsakanin Kamwenge da Fort Portal, ma'aikatan kwangila sun lalata 'yan mata 'yan makaranta, mutanen yankin suka kai ƙara ga kwamitin bincike na bankin, a watan Disambar 2015 bankin ya soke kuɗin aikin. Tun daga nan aka tsaurara. Irin wannan koke ba a littafina ake rubuta shi ba, akwai mace da aka ware da lambar waya domin a rufa wa mai ƙara asiri. A garin da 'yan mata ke kai tallar abinci sansanin ma'aikata, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma iyaye suka ƙara da nasu: babbar mace ce kawai za ta kai abinci can. Samarinmu sun samu aikin lebura da gadi da riƙe tuta, 'yan kaɗan suka koyi ɗaurin rodi. Ƙura ta dame mu, muka yi ta tuni har tankar ruwa ta riƙa yayyafi safe da yamma a gaban makaranta.

Inda na ga amfanin littafin nan fiye da ko'ina shi ne a kwari. Masu awo da rani suka zo, lokacin da wurin yake busasshe ƙurmus, sai zane ya fito da kwalbati mai bututu ɗaya. Da aka fara haƙa, sarkin nomanmu, wanda gonarsa ke gefen wurin tun yana saurayi, ya tsaya yana kallo, sannan ya kira injiniyan da ke sa ido. Ya ce, "Injiniya, zo ka ga wani abu, ɗana." Ya kai shi gindin wata tsamiya da ke nesa da ramin, ya ɗora hannu a jikinta daidai ƙirjinsa. "Ruwan 2022 nan ya kawo. Kuma ba ta inda kuke haƙa yake zuwa ba, ta can yake gangarowa, ya haɗu da na bayan gari. Wannan bututu naku, karan dawa kaɗai ya isa ya toshe shi." Injiniyan ya duba, har lokacin akwai busasshen yayi maƙale a rassan ƙasa. Ya ce, "Baba, na ga abin da kake nufi, amma zanen daga ofis yake, ba ni da ikon canza shi da baki." Baba ya juyo gare ni ya ce, "To Malam, a rubuta."

Muka rubuta. Samari suka binciko hotuna da bidiyon ambaliyar wancan shekara a wayoyinsu, inda ake ganin tsamiyar tsaye cikin ruwa. Injiniyan ya haɗa da nasa rahoton, domin canjin zane ƙarin kuɗi ne, sai ofishin jiha ya amince. Aikin wurin ya tsaya na wani lokaci, wasu suna cewa mun jawo wa kanmu jinkiri. Da amsa ta zo, aka matsar da wurin aka yi kwalbati mai akwati da baki biyu, aka ɗaga hanyar, aka jera dutse da siminti a gefe. Na tsaya ranar zuba kankaren, na ga suna ɗibar samfuri a ƙananan akwatuna domin a kai gwaji. Daminar da ta biyo baya ruwa ya cika bakunan biyu, ya wuce, hanyar ba ta motsa ba. Ina girmama ilimin injiniya, amma shi ya ga kwarin ne na 'yan kwanaki, Baba kuwa shekara da shekaru yake kallon ruwan wurin. Ya kamata a riƙa zagayawa da irin su Baba tun ranar awo.

Ramin da aka ɗebi jar ƙasa shi ma ya zo littafi. Mai filin ya yi yarjejeniya da ɗan kwangila shi kaɗai, aka biya shi, aka bar rami mai zurfi da gefe a tsaye. Ruwan farko ya mai da shi kududdufi, yara suka fara zuwa wanka. Yarjejeniyar aikin ta ce sai an gyara irin wannan wuri kafin a tafi, muka tuna musu a rubuce. Fulanin ruga suka roƙi kada a cike shi duka domin shanu su samu sha da rani. Aka daidaita: katafila ta kwantar da gefen ya zama gangare, aka killace ɓangaren mai zurfi.

Bikin buɗewa an yi shi kamar yadda aka saba, jawabai da yanka ƙyalle.

Yanzu mota tana shigowa har cikin watan Agusta. Masu sayen hatsi sun yi yawa, manomi yana iya cewa bai sallama ba. Malaman da ake turo mana daga gari sun daina guje wa makarantar, mai naƙuda kuma a mota ake kai ta. Amma ba zan ɓoye sauran ba. 'Yan acaba suna gudu kamar ba gari suke ratsawa ba, sai da muka nemi a yi tudun rage gudu a wurin rijiyar da mata suka ambata tun farko. Filayen bakin hanya sun yi tsada, mutanen birni suna saye, kuma ina tsoron wasu za su sayar da gonar gado su zauna ba komai. Masu gawayi sun samu hanyar shiga dajinmu. Tifofin yashi da lodin da ya wuce kima suna bi dare da rana, alhali kwaltar feshi da tsakuwa ce, ba a yi ta don irin wannan nauyi ba.

Bayan miƙa aiki akwai wa'adi, yawanci shekara guda, da duk aibin da ya fito ɗan kwangila ne zai gyara da kuɗinsa, kuma ana riƙe masa wani kaso sai wa'adin ya cika. Mutane da yawa ba su san da wannan ba. Mu mun bi hanyar da ƙafa bayan damina, duk tsagewa da inda ruwa ya ci gefe muka ɗauki hoto muka aika kafin lokacin ya ƙure, aka zo aka gyara mafi yawansu. Abin da ke gaba shi ya fi damuna, domin shi ya ci hanyar da dattawanmu ke ba da labari. Shirin ya nemi kowace jiha ta kafa hukumar kula da hanyoyin karkara da asusun gyaran hanya na jiha, kuma da Bankin Duniya ya amince da ƙarin dala miliyan 500 a watan Disambar 2024 domin faɗaɗa shirin, kafa waɗannan biyun yana cikin sharuɗɗan shiga. Doka a takarda abu ɗaya ce, kuɗin da zai riƙa shiga asusun duk shekara shi ne abin da ya kamata 'yan majalisarmu na jiha su ji tambaya a kansa duk lokacin da suka zo neman ƙuri'a.

Mu dai ba mu zauna jira ba. Ƙungiyar gari ta raba hanyar unguwa-unguwa, kafin ruwan farko kowace unguwa ta fito aikin gayya da shebur da fartanya ta yashe lambatu da bakin kwalbati, a tsakiyar damina a sake. Dagaci ya hana noma har bakin lambatu da zuba shara a ciki. Abin da ya fi ƙarfin shebur, kamar facin kwalta da hana tifofin yashi lodin wuce kima, mun rubuta wa ƙaramar hukuma da ofishin jiha, mun ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, kuma wakilanmu za su koma bin sawun takardar bayan an gama girbi.